Wadda Ta Ƙi Rufe Baki

Ranar da fanshona ya shigo, bayan wata tara,
na ce wa Lantana: "Sauke tukunya, yau ba tuwo."
Muka bar Tudun Jukun da magariba,
muka sauka wani gidan abinci bayan PZ,
inda fanka ke juyi a hankali kamar mai bin bashi.

A takardar abinci, can ƙasa, layi ɗaya:
kawa, daga bakin teku.
Kuɗinta ya kai na mudun shinkafa huɗu.
Lantana ta ɗaga gira. Na yi kamar ban gani ba.
Shekara talatin ina koyar da labarin ƙasa,
ina zana teku da shuɗin alli,
ban taɓa sanin ɗanɗanon gishirinsa ba.

Wanda ya zo mana ba yaro ba ne,
furfura biyu-uku a gemu, tawul a kafaɗa.
Bitrus sunansa, ɗan Wusasa.
Shekara bakwai ya yi a Fatakwal yana ɓare su,
har wuƙa ta sa masa hannu a babban yatsa.

Bai tsaya mana a ka da biro ba. Ya rusuna:
"Baba, ka taɓa ci?
Jatan lande ba ya sa ka ƙaiƙayi?
Hajiya fa, ɗanya, ko a ɗora a gawayi?"
Ta ce: "Ɗanya? Ka ga na yi kama da kura?"
Ya yi dariya da ido kawai.

Tire ya iso, ƙanƙara a ƙasa, sha biyu a kai,
kamar an farfasa dutsen Kufena an jera.
Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa,
irin sallamar da ake yi a ƙofar surukai.
Ta tsuke baki. "Wannan da ranta."
Ta biyu haka. Ta uku haka.
Ta huɗu tana hamma, ba ta amsa ba.
Ya kai ta hanci, ya ture ta gefe.

"Motar ta kwana a Lokoja, taya ta fashe,
ƙanƙarar gefe ta narke.
Wadda ta ƙi rufe baki, Baba,
ita ke buɗe maka ƙofar asibitin Shika."

Uku ya ware.
Manaja daga bayan kanta yana hararar ƙeyarsa.
Bai waiga ba.
Ya zaro biro ya soke kuɗinsu a gabana.

Sai ya zura wuƙa ta ƙugu, ya murɗa,
ya matsa lemon tsami ɗigo biyu, ba uku ba.
"Kada ka tauna kamar kilishi,
kada ka haɗiye kamar maganin zazzaɓi.
Haƙori sau biyu. Sannan ka saurara."

Na saurara.
Sanyi, gishiri, wani zaƙi mai kunya a ƙarshe,
ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko
amma ƙasar da ba tamu ba.
Na tuna yara dubu da na ce wa teku shuɗi ne,
alhali ga shi toka-toka, yana rawa a bawo.

Ta Lantana ta zo tana ƙara,
man shanu, tafarnuwa, yaji kaɗan.
Ta ci ɗaya don kada a ce.
Ta ci ta biyu ba ta ce komai ba.
Ta ukun tawa ce ta ɗauke.

Da za mu tashi ta juya bawon a tafin hannu:
"Da irin wannan kakata ke kankare ƙanzo,
daga Galma ake tsinto mata.
Ashe akwai mai gida a ciki."
Bitrus ya wanke biyu, ya naɗe mata a takarda.

Na ba shi abin da ya saura a aljihu, bai kai ba.
Ba kawar na biya ba,
ukun nan da ban ci ba na biya.

Yanzu ɗaya na madafi, tana aikin kaka.
Ɗayar tana kan teburina,
ta danne tsohuwar taswira,
daidai inda Kwara ke sakin hannuwanta cikin teku.